Bin Sawun Mazan Jiya: Yadda Ake Gano Tarihin Kakannin da Suka Yi Yaƙin Bama

Da wuya a sami tsohon gari a ƙasar Hausa wanda babu gidan da ake cewa kakansu ya je yaƙin Bama ko yaƙin Hitila, sai dai a mafi yawan gidajen abin da ya rage bai wuce wannan jimla ɗaya ba, tare da wasu lambobin yabo da suka dushe a cikin akwatin ƙarfe, ko hoton wani saurayi sanye da gajeren wando da hula mai faɗin baki. Wanda ya ƙudurta gano abin da ke bayan jimlar ya kamata ya san tun farko cewa rumbunan gwamnatin mulkin mallaka sun fi adana labarin runduna a kan labarin mutum, saboda haka hanyar isa ga kakan ita ce a fara gano bataliyar da ya yi aiki a cikinta.

Sojojin da ake magana a kansu suna ƙarƙashin Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya aza harsashinta a 1897, ta kuma haɗa dakarun Nijeriya da na Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Hausa ce harshen bariki a rundunar Nijeriya na tsawon shekaru, har ana buƙatar hafsoshin Turawa su koye ta, kuma wannan ne ya sa ake yi wa sojoji da yawa kuɗin goro a kira su Hausawa, alhali a cikinsu akwai Kanuri da Tibi da Bachama da Zabarmawa da sauran ƙabilu. A yaƙin duniya na biyu an fara kai su Gabashin Afirka, inda birged ɗin Nijeriya ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941 ta kuma bi sojojin Italiya har Harar a ƙasar Habasha. A 1943 aka kafa manyan runduna biyu domin yaƙar Japan, wato ta 81 da ta 82, kuma bambanta su shi ne mataki na farko ga mai bincike. Tambarin ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan ƙyalle rawaya, na ta 82 kuwa masu biyu ne da aka gicciye a kan gammo, don haka ɗan ƙyallen da ya rage a kafaɗar tsohuwar riga yana iya warware abin da baki ya kasa.

Bambancin yana da muhimmanci domin rundunonin ba wuri ɗaya suka yi yaƙi ba. Ta 81 ta kutsa kwarin kogin Kaladan, inda jiragen sama ne ke jefo mata abinci da harsasai saboda babu hanyar mota, sai dai an zare mata birged ta 3, mai ɗauke da bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Nijeriya, aka haɗa ta da dakarun Chindit na Janar Wingate waɗanda aka sauke a bayan layin Japanawa a 1944. Ta 82, wadda ta ƙunshi bataliyoyin Nijeriya na 1 da 2 da 3 da 5 da 9 da 10, ta bi yankin Arakan, kuma rundunonin biyu sun haɗu wajen ƙwace Myohaung a Janairun 1945. Irin waɗannan sunaye ba baƙi ba ne ga 'yan Nijeriya, ko da yake kaɗan ne suka san asalinsu: barikin Kalapanzin da na Dalet a Kaduna, da na Chindit a Zariya, da na Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, duk daga yaƙin Bama aka ɗauko su. Idan tsohuwa a gida ta tuna mijinta yana yawan ambaton wani suna irin wannan, to ta ba da shaida mai daraja ko da ba ta sani ba.

Babbar matsala ita ce suna. Akawun ɗaukar kurata yakan rubuta sunan yanka ne kawai ya liƙa masa sunan gari, sai a wayi gari da ɗimbin masu suna Musa Kano ko Garba Sakkwato a runduna guda, ga kuma rubutun Turawa da ke mai da Muhammadu zuwa siffofi iri-iri, ga waɗanda suka sauya suna da gangan domin sun shiga soja ba da yardar iyaye ba. Abin dogaro shi ne lambar soja, wadda ga 'yan Nijeriya take farawa da haruffan NA, ga na Gwalkwas kuma GC. Ana samun ta a littafin sallama, wato ɗan littafin da ake bai wa soja ranar da aka sallame shi, mai ɗauke da ranar shigarsa da muƙaminsa, ko kurtu ne ko kofur ko saje, da shaidar halinsa. Lambobin yabo irin su Tauraron Bama da Tauraron Afirka suna nuna fagen da mutum ya je, amma yawanci ba a zana suna a jikinsu ba, saboda haka ba su isa hujja su kaɗai ba.

Da zarar an san bataliya, sai a koma ga kundin yaƙi, wato rajistar da kowace ƙungiyar soja ke cikawa kullum game da inda ta kwana da abin da ya same ta. Waɗannan kundaye suna Rumbun Tarihi na Ingila da ke Kew a Landan, na fagen Bama a jerin WO 172, takardun neman a ba wa soja lambar jarunta kuma a WO 373. A nan mai bincike zai ci karo da abin da ke sosa rai, domin kundin yakan ambaci hafsan Bature da sunansa idan ya ji rauni, sojojin Afirka kuwa sau da yawa adadinsu kawai ake rubutawa. Abin ya fi muni ga 'yan dako, waɗanda sojoji ne cikakku da ke ɗauke da kayan runduna a ka cikin dazuzzuka da tsaunuka, akasarinsu ba tare da bindiga ba, kuma da ba don su ba da ba a yi tafiyar Kaladan ba. Duk da haka kundin yana bayyana inda mutumin yake a kowane mako da irin wahalar da ya sha, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce. Ga wanda bai dawo ba, Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Renon Ingila tana da rajista kyauta a intanet, wadda ta haɗa da sunaye kusan 27,000 da aka zana a dandalin tunawa na Taukkyan kusa da Rangun, na mutanen da ba a san kabarinsu ba.

A gida Nijeriya, Rumbun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa, duka a Kaduna, su ne wuraren neman takardun larduna da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 ta kuma bi labarin yaƙin da Hausa. Iyalai a Nijar kuwa hanyarsu ta Faransa ce, domin akasarin kakanninsu a rundunar Faransa suka yi aiki, kuma takardun ɗaiɗaikun sojoji suna cibiyar adana bayanai ta birnin Pau.

Wajibi ne mai bincike ya riƙe gaskiya, kada son zuciya ya sa ya mai da direba ko mai dafa abinci jarumin da ya kashe dubu, domin aikin da mutumin ya yi na haƙiƙa ya ishe shi daraja. Saurayin da ke da shekara 18 a 1945 yanzu yana dab da ɗari idan yana raye, kuma 'ya'yan da suka ji labari daga bakinsa su ma sun manyanta. Duk gidan da ke da littafin sallama ko hoto ko lamba ya ɗauki hotonsu, ya naɗi muryar dattawan da suka rage, ya kuma kai kwafi ɗakin adana tarihi mafi kusa tun kafin gara da damina su riga shi.