Akwatin haɗa wayoyin kuran a wuraren haɗari

Jama'a, samarinmu da yawa suna zuwa ƙodago a izin, ko wurin ajiyar asans, ko matatar mai ta Damagaram da aka buɗe a 2011. To, ku saurara.

Inda wayoyin kuran suka haɗu, ana rufe su cikin ɗan akwati. In haɗin ya yi sako-sako, yana tartsatsi. A wurin asans, tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa, ido ba ya ganin shi. Tartsatsi guda ya isa. Ƙurar auduga da ta gari ma suna kama wuta.

Shi ya sa doka ta ce a sa akwati na musamman, mai alamar Ex. Wani irin, ƙarfensa kauri gare shi. Ko wuta ta tashi a ciki, bakin murfin matsattse ne, tana hucewa kafin ta fito. Kowace kafa da ba waya a cikinta sai an toshe ta. A kuma haɗa akwatin da wayar ƙasa.

Kada ka buɗe shi sai an yanke kuran. In ka ga murfi ya tsage, ko kusa ɗaya ta ɓace, gaya wa shugaban aiki nan take. Ƙulle shi da tsumma ko roba ba gyara ba ne.