Sandar Tuta: Ƙarfen Da Ake Kira Sanda

Sandar tuta ita ce dogon abin da ake ɗaura tuta a kansa domin ta tashi sama a hango ta daga nesa. Jam'inta sandunan tuta. A yau galibinsu bututun ƙarfe ne da aka kafa cikin siminti, da 'yar ƙafa mai juyawa a can ƙololuwa da igiyar da ake ja, amma bakin Bahaushe bai sauya musu suna ba. Wasu kan ce ƙarfen tuta, sai dai sanda ce ta fi kama baki.

Dalilin haka yana cikin tarihi. Tutar da Hausawa suka fara sani ba a kafe take wuri ɗaya ba, riƙe ta ake yi a hannu. Bayan fara jihadi a 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bai wa almajiransa tutoci, kamar Malam Musa na Zazzau, Ummarun Dallaje na Katsina da Yakubu na Bauchi, kuma har yau ana kiransu masu tuta. Irin wannan tuta a jikin sanda ta gaske ake ɗaura ta, a wuce da ita gaban runduna. Haka ma ake cewa wane ya ciri tuta, wato ya zarce tsara. Kafaffen ƙarfe a harabar ofis kuwa ya yaɗu ne da zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kano a 1903.

A unguwa irin Kwaciri ta Ƙaramar Hukumar Fagge a Kano ana ganin nau'ukan biyu. A makarantun firamare, da safe ɗalibai kan jeru gaban ƙarfe, ɗaya ya riƙa jan igiya sannu-sannu har tutar ƙasa mai kore da fari da kore ta kai sama, wadda Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959, aka fara ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba, 1960. Lokacin siyasa ko Maulidi kuwa, gora ko kara ko guntun katako sun isa: a ɗaure ƙyallen, a soke a bakin shago ko a bayan babur.

Inda kalmar ta fi fitowa a rediyo shi ne wajen makoki, sa'ad da aka ce an sauke tuta zuwa rabin sanda. An yi haka kwana bakwai bayan rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010, haka ma da Muhammadu Buhari ya rasu a watan Yulin 2025. Kuskure ne a ce "an sauke tuta" kawai a nan, domin wannan yana nufin an cire ta baki ɗaya. Saudiyya ba ta sassauto tata ko sarki ne ya rasu, saboda kalmar shahada da ke jikinta. A Jidda ma akwai sandar tuta mai tsawon mita 171.