Akushin Kaka da Kular Kasuwa

Ranar da za a kai ɗiyar yayata gidan miji daga Gwandu zuwa Kalgo, kyauta biyu suka haɗu a kan tabarmar jere. Gwaggonta ta kawo saitin kula daga kasuwar Birnin Kebbi, fil a kwali. Kakarta kuwa ta kwance ƙullin wani tsohon zane, ta fito da akushi baƙi wuluk, bakinsa ya yi sumul saboda shekarun da ya yi a hannu. Ƙawayen amarya suka hau ƙunshe dariya. Tsohuwa ko ta kansu ba ta bi ba, ta ce: "Ke kishiyata, wanga akushi na uwata na. Cikinai kakanki yac ci tuwo har Allah Ya yi mai cikawa."

Kada mu ci haƙƙin kula. Tuwon azahar yakan kai isha da ɗuminsa a cikinta. Tana da murfi, ba nauyi, ana ɗaukarta zuwa gona ko jinya ba tare da miya ta zube ba. Ran jere kuma ita ke fitar da uwa kunya, don masu zuwa ganin ɗaki ƙyalli suke ƙirgawa. Aibinta shi ne ba ta jure wuya: hannu ya karye ko murfi ya tsage, shi ke nan ta tashi aiki. Irinta kuma tana kowane ɗaki a unguwa.

Akushi daga gungume guda ake fitar da shi. Masassaƙi zai sari ɗanya ko ƙirya da gatari, ya rarake cikin da gizago, ya bi bayan da ƙarfe mai zafi har ya yi baƙi, sannan a shafe shi da mai. Ko a hannun mutum ɗaya, biyu ba sa fitowa iri ɗaya. Shi ma yana riƙe ɗumi in an kife masa faifai. Amma yana da nauyi, yana son lallami: a bar shi a ruwa sannan a shanya a rana, sai ya dare. Samun sabo mai kyau ma ya fara wuya, don manyan itatuwa sun ja baya, masu gawayi kuma ba sa ɗaga wa ƙirya ƙafa.

Abin da ya ba 'yan matan dariya shi ne an ba amarya kwance. To, kwance iri biyu ne. Akwai wanda mutum ya gaji da shi, yana neman inda zai sauke. Akwai wanda yake ji da shi, ya cire daga ransa ya miƙa. Mutanen Gwandu, garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1829, sun fi kowa sanin na biyun. Allon aduwa yakan bi hannu daga wa zuwa ƙane, tawada ta rina shi, wanki ya goge shi, ba a taɓa jin yaro ya raina shi don ya tsufa ba. Har alfahari ake da shi. Me ya raba allo da akushi?

Bara na leƙa ɗakin amaryar a Kalgo. Cikin kula huɗu saura biyu, ɗaya ma an ɗaure murfinta da tsumma. Akushi na nan, a ciki take zuba wa maigidanta tuwon dare.

Hukuncina: a sayi kula don hidimar yau da gobe, ba laifi. Amma mai tsohon akushi, turmi ko kujerar tsuguno ta gado, kada ya miƙa wa dillali a kan kuɗin cefanen kwana biyu. Ya ba jika, ya kuma gaya mata na wane ne.