3.4 Matsayin Waƙoƙin Ƙungiya a Sujada da Bikin Godiya

A ikkilisiyoyin da ke sujada da Hausa, kamar ECWA da COCIN da EYN, ana iya karkasa waƙoƙin ƙungiya gida biyu. Kashi na farko shi ne waƙoƙin da 'yan mishan suka fassaro suka tara a cikin Littafin Waƙoƙi, waɗanda 'yan kwaya kan rera da muryoyi huɗu. Da yake an ɗora kalmomin ne a kan karin Turawa, sau da yawa karin sautin Hausa da tsawon wasali kan jirkice, har ma'anar kalma ta shige wa mai sauraro duhu.

Kashi na biyu kuwa, wato waƙoƙin Zumuntar Mata da na Sabon Rai, ya fi kusa da waƙar baka ta gargajiya. Akwai jagora, akwai 'yan amshi, ga kiɗan tulu da kacau-kacau da tafi. Galibi akan ɗauko labari ko aya daga Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa a 1932, a mayar da shi waƙa, ta yadda ko wanda bai iya karatu ba zai haddace.

A bikin godiyar kaka ne aikin waɗannan mawaƙa ya fi fitowa fili. Su ke jan jama'a rukuni-rukuni, cikin rawa, zuwa gaban majami'a da baikon dawa da masara da doya da kaji. In layin masu baiko ya yi tsawo, sai jagora ta yi ta ƙara ɗango nan take har na ƙarshe ya ajiye nasa.