Gidajen Kauce wa Shaye-shaye ga Waɗanda Kotu ke Jiran Farfaɗowarsu

A Amurka ba a gurfanar da mutum gaban shari'a sai ya fahimci abin da ake tuhumarsa da shi, kuma yana iya taimaka wa lauyansa wajen kare kansa. Kotun Ƙoli ce ta kafa wannan ma'auni a 1960, a shari'ar Dusky. Idan taɓin hankali ya hana wanda ake tuhuma cika wannan sharaɗi, alƙali kan dakatar da shari'ar, a ɗora shi a kan magani, a koya masa aikin alƙali da na mai gabatar da ƙara, har ya farfaɗo.

Asibitocin gwamnati ne suka saba ɗaukar wannan nauyi, amma gadajensu sun yi kaɗan, har mutane kan shafe watanni a gidan yari suna jiran gurbi, ciwo kuma yana ƙara cin su. A 2015 wata alƙaliyar tarayya ta umarci jihar Washintan ta riƙa karɓarsu a asibiti cikin kwana 7. Irin wannan matsi ya sa jihohi da dama suka faɗaɗa yin maganin a wajen asibiti, musamman ga masu ƙananan laifuffuka.

Sai dai sau da yawa alƙali ba ya sakin wanda ba shi da wurin kwana, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake tuhumar suna fama da shaye-shaye a kan taɓin hankalin. A nan gidajen kauce wa shaye-shaye suke shigowa. Ba a shiga da giya ko ƙwaya, ana gwajin fitsari, akwai lokacin dawowa gida da dare, wani ma'aikaci kuma yana bibiyar shan magani da zuwa darasi, yana kai wa kotu rahoto.

Matsalar ita ce yawancin gidajen ba don irin waɗannan mutane aka tsara su ba. A tsarin Oxford House, wanda ya faro a jihar Merilan a 1975, mazauna ne ke biyan haya da gudanar da gidan, kuma duk wanda ya koma shaye-shaye ana sallamarsa nan take. Ga mai cikakken hankali wannan horo ne mai amfani. Ga wanda ake tuhuma kuwa, rasa ɗaki na iya sa alƙali ya soke sakin, ya koma gidan yarin da aka fito da shi. Wasu gidajen ma ba sa karɓar mai shan metadon, maganin rage jarabar ƙwaya, duk da likita ne ya rubuta masa.