Shaihu Umar: Fim Ɗin Da Ya Kwana Shekara Arba'in Cikin Gwangwani

Da wuya a sami wanda ya yi makarantar boko a Arewa bai karanta littafin Shaihu Umar ba, watau wanda marigayi Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta yana malamin makaranta, aka buga a Zariya cikin 1934. Amma waɗanda suka san an mai da shi fim kaɗan ne, waɗanda suka gan shi da idonsu kuwa sun fi haka ƙaranci.

Adamu Halilu ne ya shirya fim ɗin da harshen Hausa cikin 1976, Umaru Ladan kuma ya fito a matsayin Shaihun, shi ne kuwa tun farko ya haɗa kai da Dexter Lyndersay suka mai da labarin wasan kwaikwayo. Tsawonsa ya haura sa'a biyu. Bayan an nuna shi a wancan zamani sai labarinsa ya ɗauke, har aka ɗauka ya salwanta. Sai cikin 2016 aka tarar da shi cikin tsofaffin gwangwanaye a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Wata cibiya ta Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna a bikin fina-finai na Berlin cikin 2018.

Labarin ya faru a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ake cinikin bayi ta hamada. Almajirai suka tambayi malaminsu asalinsa, shi kuwa ya buɗe musu. Ubansa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, wani bafaden sarki. Waɗanda ake ci tare ake sha tare su suka ƙulla wa Makau sharri don hassada, har sarki ya kore shi daga gari. Daga wannan ƙulli ɗaya gida ya watse, aka sace yaron, ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami.

Sau da yawa akan ɗauki labarin a matsayin darasin haƙuri da neman ilmi, ana mantawa da uwar. Alhali kuwa ita ce ta ɗauki nauyin da ya fi kowanne. Ta bar gida ita kaɗai tana cigiyar ɗanta, ta amince da wanda ya ce zai taimake ta, shi kuwa ya sayar da ita. Ta tsallake hamada tana baiwa, ba don kowa ba sai don yaron da ba ta san ko yana da rai ba. A littafin, sai da ƙarfinta ya ƙare suka sadu a Tarabulus, ba ta kuwa daɗe ba bayan haka ta cika a gabansa.