Fuskar Ibn Sina: Wa Ya Gan Ta, Wa Ya Zana Ta?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Bayan haka, duk wanda ya buɗe littafin tarihin aikin likita da wuya ya rufe shi bai ga surar wani dattijo mai rawani da gemu ba, an rubuta a ƙarƙashinta: Ibn Sina. An buga surarsa a kan sarki na wasiƙu, an rataye ta a bangon makarantu da asibitoci, har ƙasar Tajikistan ta sa ta a takardar kuɗinta ta somoni 20. Jama'a sun saba da ita, suna tsammanin kamanninsa ke nan. Alhali kuwa babu ko ɗaya cikin waɗanda suka zana shi da ya taɓa sa shi a ido.

An haifi Abu Ali Husaini ibn Sina a ƙauyen Afshana, kusa da Bukhara, wajen shekarar 980 ta Miladiyya. Ya rasu a Hamadan ta ƙasar Farisa a 1037, watau 428 ta Hijira. Almajirinsa Juzjani ya rubuta labarin zamansu da tafiye-tafiyensu, amma ba a san da wata sura tasa da aka zana yana da rai ba. Na'urar ɗaukar hoto kuwa sai a 1839 Daguerre ya bayyana ta a birnin Faris, shekara 802 bayan an rufe shi.

To, daga ina surorin nan suka fito? Asalinsu daga darajar littafinsa ne, Alƙanun fiɗ Ɗibbi, mai juzu'i 5. A ƙarni na 12 Gerard mutumin Cremona ya juya shi zuwa Latin a birnin Toledo na Andalus, ya zama abin karatun likitocin Turai har cikin ƙarni na 17. A 1593 aka buga shi da Larabci a birnin Rum. Da aikin ɗab'i ya bunƙasa, masu sayen littattafai suka so ganin fuskar malaman da su ke karantawa, maɗaba'a kuwa ba ta rasa abin da za ta ba su ba.

Ga yadda a ke aikin a wancan zamani. Gwani zai sassaƙa sura a jikin allon katako, ko ya karce ta a farantin jan ƙarfe, a shafa tawada, a danna a takarda. Allo guda sai ya haifi ɗaruruwan surori. Da ya ke sassaƙa tana da tsada, akan maimaita allo ɗaya ga mutane da yawa. A babban littafin tarihin duniya da aka buga a Nuremberg ta Jamus a 1493 akwai zane 1,809, amma alluna 645 kaɗai aka sassaƙa. Fuska ɗaya sai ta fito nan da wannan suna, ta sake fitowa can da wani. Ibn Sina yana cikin waɗanda aka sa wa fuska a littafin nan.

Wani abin mamaki kuma, laƙabinsa na Shaihur Ra'is ya rikita Turawa. Da aka fassara shi da kalmar da ke nufin ɗan sarauta, waɗansu suka zaci sarki ne a Andalus, ƙasar da bai taɓa takawa ba. Don haka a bugun Alƙanun na farkon ƙarni na 16 akan gan shi da kambi bisa karaga, Jalinusu a gefe guda, Buƙuraɗu, wanda Turawa ke kira Hippocrates, a ɗaya gefen. A 1584 wani Bafaranshe, André Thevet, ya buga littafin da ya ce ya ƙunshi surorin mashahuran mutane na haƙiƙa, ya sa Ibn Sina a ciki, shekara 547 bayan rasuwarsa. Irin waɗannan takardu suna ajiye a taskar Wellcome ta birnin Landan, wadda Henry Wellcome, da ya rasu a 1936, ya tara kayanta.

Surar da ta fi yaɗuwa a wannan zamani kuwa ba ta daɗe ba. A shekarun 1940, sa'ad da a ke shirin cikar shekara dubu da haihuwarsa bisa lissafin Hijira, ƙungiyar kula da kayan tarihi ta Iran ta sa gwanin zane Abul Hasan Sadiƙi ya fitar da sura guda da za a tsaya a kanta. Aka kuma gina sabon hubbare a Hamadan, aka yi bikinsa a 1954. Garin aikin ginin aka buɗe kabarin, aka ɗauki hoton ƙoƙon kansa. Daga hotunan nan ne wani masanin ƙirar jikin mutum na Tarayyar Sobiyat, Ternovsky, ya yi ƙoƙarin mayar da siffar fuskarsa. Wannan ya fi sauran kusa da hujja. Amma ƙashi iyakarsa ya nuna faɗin goshi da tsawon haɓa. Launin fata da kaurin leɓe da yanayin gemu da kallon ido, duk sai an cika su da zato.

A gwada wannan da Louis Pasteur na Faransa, wanda ya rasu a 1895. Shi ya zauna da kansa gaban mai ɗaukar hoto Nadar, saboda haka wanda ya dubi hoton ya ga mutumin. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma sai in abin da aka gani yana da asali.

Malaman hadisi ba su karɓar magana sai sun tambayi isnadinta: wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun sadu ko ba su sadu ba? Haka ya kamata mai karatu ya yi wa kowace sura ta magabata. Wa ya zana ta? A wace shekara? Ya ga mai ita? Surar da ta kasa amsa tambayoyin nan ba a yar da ita ba, gama tana da nata amfani: tana nuna yadda mutanen wani zamani suka girmama malamin, har suka naɗa masa kambin da bai nema ba. Laifi shi ne a miƙa wa yara ita a makaranta a ce musu ga Ibn Sina, ba tare da an gaya musu ƙiyasi ce ba.

Abin da ya tabbata daga gare shi shi ne rubutunsa, wanda almajirai suka kwafa hannu da hannu har ya iso. Allah Ya jiƙansa, Ya amfanar da bayinSa da ilmin da ya bari, amin.